Ƙaramin t na Ardis

Shekara talatin da ɗaya Delmar Hagen ya yi yana tuƙa motar ture ƙanƙara daga kan hanyoyin gundumarmu, kuma a duk tsawon shekarun nan ba wanda ya taɓa ganin ya rubuta ƙaramin harafi. Takardun wurin aiki da manyan haruffa ake cika su, shi kuwa Delmar in ya koyi abu ta hanya ɗaya, to an gama. Sunansa da manya, jerin cefane da manya, har katin da yake ba matarsa ranar tunawa da aurensu da manya yake rubuta shi, sai ka ce allon gargaɗi a bakin gada. Aikin ya bar masa ciwon baya, ya kuma kashe masa hanci, don wanda ya shaƙi hayaƙin dizal shekara talatin ba ya bambance ƙamshin gahawa da warin tsohon takalmi. Magana kuwa dama can ba gwaninta ba ne. Irin mutanenmu ne na nan arewacin Wisconsin, waɗanda in ka tarar rufin gidansu ya rufta ka tambaye su yaya, sai su ce da sauƙi.

Matarsa Ardis ita ta kwashe maganar gidan duka. Shekara ashirin tana dafa wa yaran firamare abincin rana, kuma har yau akwai ƙattin maza masu furfura a garin nan da ke gyara tsayuwa in sun hango ta. Tun ranar da ta tare suka raba gida biyu ba tare da an zauna an raba ba: daga bakin ƙofa zuwa waje na Delmar, kicin na Ardis. Shekara hamsin da biyu iyakarsa da kicin ya shiga ya zuba gahawa ya fita. In ya ɗan daɗe a tsaye sai ta tambaye shi ko ajiya ya yi a wurin.

Kowace kaka, in ganyen itatuwa ya yi ja, raɓa ta daskare a kan ciyawa karo na farko, Asabar ɗin da ta biyo baya Ardis take gasa mafin, ƙananan kek ɗin nan masu hula, na kabewa da kirfa da citta da kanumfari. Tandarta mai gurbi goma sha biyu ce, gadon uwarta, ta yi baƙi ƙirin don tsufa. Zubi huɗu take yi, ta raba wa maƙwabta, ta kai wa fasto, ta aika wa 'yarsu ɗaya tilo, Lorna, da ke aikin jinya a babban birni, tafiyar awa huɗu daga nan. Mu da muke layinsu ba ma duba kalanda mu san kaka ta kama.

Shekara uku ke nan da mantuwa ta fara shigar Ardis. Da fari makullai ne a cikin firji, ana dariya. Daga nan sunayen mutane suka riƙa zubewa ɗaya bayan ɗaya, dariya ta ƙare. Delmar ya shiga rufa mata asiri yadda ya iya: in an gaishe ta a coci sai ya riga ta ambaton sunan mai gaisuwar, in Lorna ta bugo waya sai ya ce tana wanka. A watan Agusta ta ɗora tukunya ta fita shanya, tsumman goge kwano ya kama da wuta. Delmar ya kashe da hannunsa, ya shafe bangon da fenti har sau biyu, amma baƙin ya ƙi ɓuya, Lorna kuwa ba makauniya ba ce. Tun ranar ya sauka ɗakin ƙasa ya kashe wutar murhun daga akwatin lantarki, ya ce wa Ardis murhu ya lalace, mai gyara na nan tafe. Ita kuma Lorna ta je ta rubuta sunan uwarta a layin masu jiran ɗaki a gidan kula da tsofaffi da ke can hedikwatar gunduma.

Raɓa ta daskare ranar Talata. Ranar Laraba Lorna ta bugo ta ce ɗaki ya samu, kuma in ba a ba masu gidan amsa zuwa Litinin ba, za su ba wani. Ta ce takardar tana hannunta, sa hannunsa kawai ya rage. Nan take Delmar ya ƙirƙiro ƙarya. Mutumin da bai iya ƙarya ba in ya tashi yi, babba yake shararawa.

“Mamanki fa ta warware sosai,” ya ce. “Asabar ɗin nan ma za ta yi gashinta kamar kullum. Har ta sa na sayo kabewa.”

“To, Baba. Zan zo in ci. In Mama ta iya wannan ita kaɗai, sai mu sake magana.”

Ranar Alhamis ya gwada. Ya kunna murhun, ya jera mata kaya a kan tebur, ya ciro katin girkin daga gwangwaninsa ya miƙa mata. Ardis ta riƙe katin ta daɗe tana kallo, ta juya bayansa, ta sake juyowa. Sai ta ɗauki ƙwai biyu ta saka cikin fulawa da ɓawonsu, ta tsaya tana kallonsu, ta san akwai abin da ba daidai ba amma ta rasa ko mene ne. Da ya ga haka sai ya karɓi katin ya ce ai yau Alhamis ce, shi ne ya ruɗe. Ya fita garejin mota ya zauna a kan bokiti har ƙafarsa ta yi sanyi. A nan ya yanke shawarar da ko ɗan yaye zai gaya masa ba za ta yi kyau ba: shi zai gasa, ya ce ita ce.

Safiyar Asabar ya zaunar da ita a falo gaban taga, inda take son kallon tsuntsayen da ke cin hatsin da yake zuba musu, ya kunna mata rediyo, ya ja ƙofar kicin. Ƙarfe tara da kwata. Lorna ta ce sha biyu za ta iso, kuma ita ba ta makara, halin uwarta ta ɗauko. Ya sa tabarau ya kafa katin a jikin kwalbar sukari. Fulawa kofi biyu, wannan ba wuya. Kabewa kofi ɗaya, sukari, ƙwai biyu, ya fasa su a hankali yana tsince ɓawo da farce. Har ya fara jin ashe abin da mata ke yi wa yanga bai taka kara ya karya ba.

Ba a nan gizo ke saƙar ba. A harshenmu na Turanci sunan cokalin shayi da sunan babban cokali duk da harafin t suke farawa, shi ya sa tun kaka da kakanni matan nan ba sa wahalar rubuta su a katin girki. Ƙaramin t cokalin shayi ne, babban T babban cokali, wanda ya ninka shi sau uku. Kowace yarinya 'yar shekara goma a garin nan ta san wannan. Katin Ardis ya ce T biyu na zuma, sannan t biyu na kirfa, t ɗaya na citta, t ɗaya na kanumfari, t ɗaya na hodar da ke sa kek ya tashi, rabin t na gishiri. Delmar ya duba ya ga t ce dai daga sama har ƙasa, wata ta miƙe wata ta duƙa, ya ɗauka rawar hannu ce. A wurinsa harafi harafi ne. Cokulan awon suna rataye a zobe ɗaya, rubutun jikinsu ya goge tuntuni. Ya ɗaga ƙaramin ya ga ai wannan na ba jariri magani ne, ya zaɓi wanda ya yi kama da cokali, ya riƙa cika shi har da tozo. Kanumfarin da ya zuba ya isa ya kashe ciwon haƙorin layinmu kaf. Ƙamshin ya cika gidan har ya fito titi, amma hancin Delmar bai gaya masa komai ba.

Yana cikin zuba ƙullun a gurbin tanda sai ya ji motsi a bayansa. Ardis ce a bakin ƙofa, hannu ɗaya a jikin bango, tana shinshina iska. Ta tambaye shi wa ya gyara murhu, ya ce mai gyara ya zo jiya tana barci. Ta dubi tandar, ta dubi hannunsa da ya yi dumu-dumu, ta buɗe baki kamar za ta faɗi wani abu, sai maganar ta kuɓuce mata. Ya kama hannunta ya mayar da ita kujera, ya nuna mata wani jan tsuntsu da ya sauko. Da ya dawo ya tura tandar cikin obin da sauri, gefen ƙarfen ya lashe shi a wuyan hannu. Bai ko sa ruwa ba, ya ja hannun riga ya rufe.

Minti ashirin ya yi a tsugune yana leƙe ta gilashin obin, bayansa na kuka. Kek ɗin suka tashi, suka yi hula, suka ci gaba da tashi har suka fi na Ardis girma. Da ya fito da su wasu sun ɗan lotsa a tsakiya, amma launinsu ya yi kyau, ja-ja kamar ganyen waje. Ya so ya ɗanɗana ɗaya, sai ya tuna Ardis ba ta taɓa kawo faranti da gurbi ba, Lorna kuwa za ta ƙirga. Ya wanke kwanuka, ya goge tebur, ya mayar da katin. Sha biyu saura ashirin ya ji tayar mota a kan tsakuwa.

Abin da ya yi a cikin mintin nan shi ne abin da har yau ba ya son tunawa. Ya fizgo rigar girkin Ardis daga ƙusa, ya je falo ya ce ta miƙe. Ta miƙe ta ɗaga hannuwa kamar yarinyar da za a sa wa riga, matar da a da ko maɓalli ba ta yarda ya ɓalla mata. Ya ɗaura mata igiyar, ya dangwalo fulawa ya shafa mata a bayan hannu da gefen kumatu. Ta yi masa murmushi, ta ɗauka wasa yake yi. Kunya ta kama shi, amma ƙofa ta riga ta buɗe.

Lorna ta rungumi uwarta, Ardis ta karɓe ta da fara'ar da take yi wa kowane baƙo, ba ta kira suna ba. Jakar Lorna na rataye a kafaɗarta, bakin wata farar ambulan ya leƙo, Delmar ya kasa ɗauke ido daga kanta. Suka zauna a teburin kicin. Ya zuba gahawa, ya turo farantin tsakiya, ya ce ga aikin Mama nan, tun safe take fama.

Lorna ta ɗauki ɗaya ta ɓare takardar gindinsa, ta gutsura. Ta tauna sau biyu ta tsaya. Idonta ya kawo ruwa, ta kai hannu ga gahawa ta kurɓa, ta haɗiye da ƙyar. Delmar ya san fuskar nan, ita take yi tun tana ƙarama in an ba ta magani. Ba ta dube shi ba. Uwarta ta duba, ta dubi fulawar da ke kumatunta, ta miƙa hannu ta share mata a hankali.

“Sannu da ƙoƙari, Mama,” ta ce, muryarta ƙasa-ƙasa. Ɗaya hannun kuwa ya sauka a kan jakar.

Nan Delmar ya gane ramin da ya haƙa. Ko mene ne ya lalace a cikin abin nan, a kan Ardis ya faɗa, kuma da hannunsa ya ba Lorna shaidar da take nema. In ya yi shiru, an ce Ardis ba ta san abin da take zubawa a abinci ba. In ya yi magana, an san ko ƙwai ba ta iya fasawa, an kuma san shi maƙaryaci ne da ba za a bar masa mara lafiya ba. Gaba kura, baya siyaki.

Ardis ce ta miƙa hannu. Ta ɗauki ɗaya ta juya shi ta dubi gindinsa, ta danna tsakiyar da ya lotsa da babban yatsa, ta ɓalli kaɗan ta sa a baki. Sai ta ɗauki tsumma ta tofar a ciki, ta naɗe, ta ajiye a gefe. Da ta ɗago, fuskar da yaran firamare suka sani ce.

“Wa ya yi wannan ɓarnar?”

“Ke kika yi, Mama,” in ji Lorna. “Ba komai, ai ya yi—”

“Ni? Allah ya kiyaye. Wannan aikin wanda bai san ƙaramin t da babban T ba ne.” Ta juya ta kafe mijinta da ido. “Delmar Hagen, me ya kai ka kicin ɗina? Kanumfari cokalin shayi ɗaya ne, shi ma a shafe bakinsa da wuƙa. Kirfa biyu, citta ɗaya. Ka zuba hoda kamar mai zuba gishiri a kan ƙanƙarar titi, ga shi nan sun tashi sun faɗi. Shekara nawa kana ci, ba ka taɓa tambaya ba.”

Wata takwas rabon da ta kira cikakken sunansa. Delmar ya sunkuyar da kai yana shan faɗa, yana kuma jin daɗinsa. Ardis ta juya wajen Lorna, ta dafa hannunta, ta sassauta murya irin ta ba baƙo haƙuri.

“Ki yi haƙuri, baiwar Allah, kar ki ci. Ina da 'ya, Lorna, ita ma ta taɓa yin haka tana shekara tara. Ta yi ta kuka. Amma ita yarinya ce, kuma sau ɗaya aka gaya mata. Tana can birni tana aikin asibiti, ba ta samun zuwa sosai.”

Lorna ta ce ta ji labarinta. Ta ɗauki sauran na hannunta ta cinye tas, hawaye na zuba, ba mai iya cewa na kanumfari ne ko na wani abu.

Daga baya suka fita baranda su biyu, Ardis na ciki tana goge teburin da aka riga aka goge. Lorna ta kama hannun ubanta ta naɗe rigar, ta dubi ƙunar, ta ce tun shigowarta ta ga yadda yake riƙe butar gahawa. Ta ɗauko man shafawa daga mota tana shafa masa tana tambaya, shi kuma ya faɗa mata duka: ƙwai da ɓawo, makullai, ranar da ya tsinto Ardis a bakin tafki da silifas, har da fulawar da ya shafa mata. Bai taɓa yin magana mai tsawon wannan ba. Lorna ta ce ai ya ga ko ita kanta Mama ba ta gane ta ba, ta ce a can akwai masu kula da ita dare da rana, shi kuwa ya kusa tamanin, in ya faɗi wa zai ɗaga wani. Duk gaskiya ne, bai musa ko ɗaya ba. Ta ciro ambulan ta ɗora a kan gwiwarsa, ta ɗora biro a kai.

Ya daɗe yana kallon takardar. Gurbin sunansa ma an rubuta a cika da manyan haruffa.

“A can za su ba ta abinci ta ce ta gode,” ya ce. “Kowa ta gani ta yi masa fara'ar baƙo, kamar yadda ta yi miki. To wa za ta yi wa faɗa, Lorna? Ni kaɗai na rage mata da take sanin na yi ba daidai ba.”

Lorna ta tashi ta shiga ciki, ya ji tana buɗe durowa, ya ji an fasa ƙwai. Da ya leƙa, Lorna ce ke karanta katin da ƙarfi tana miƙa kaya ɗaya-ɗaya, Ardis kuma tana shafe bakin ƙaramin cokali da wuƙa ba tare da ta duba ba. Aka ce masa ya tsaya a bakin obin, kar ya taɓa komai.

Kafin ta tafi ranar Lahadi Lorna ta kafa sharuɗɗanta, ba ta kuma yi su da taushi ba. Wata mata za ta riƙa zuwa kowace safiya, abin da ya shekara biyu yana ƙi don girman kai. Murhu ba ya kunnuwa sai da mutum biyu a kicin. In ya sake yi mata ƙarya ko ta ƙwayar zarra, ba za ta nemi sa hannunsa ba. In ƙanƙara ta narke kuma za a sake zama. Ya amsa duka. Ta kwafe masa katin da manyan haruffa, ta rubuta ƘARAMIN COKALI a gaban kanumfari ta ja layi biyu a ƙasa.

Sauran guda goman nan na farko kuwa, ya ɗauka zai zuba wa tsuntsaye, Ardis ta tare ƙofa. A gidanta ba a zubar da abinci, wanda ya yi ɓarna shi zai cinye abinsa. Wannan dokar ba ta manta ta ba. Ranar Litinin da hantsi, daidai lokacin da Lorna ke buga wa gidan tsofaffi waya ta ce su ba wani ɗakin, Delmar na zaune a teburin kicin da na ukunsa a faranti, harshensa ya mutu murus, ido na ruwa. Ardis na tsaye a kansa da hannu a ƙugu, tana jira ta ga ya cinye.